Furofesa Shafi'u Tsakanin Iska da Gado

Ni tela ne, sunana Isiyaku, shagona yana Jega, kuma ni na ɗinka rigar, don haka kada wani ya zo yana gyara mini labarin nan. Shafi'u taubashina ne, ɗan gwaggona. Ba don haka ba, da tun ranar da ya shigo mini da farin yadi na nuna masa ƙofa.

Asalin ciwon Shafi'u wata 'yar unguwarmu ce, Dakta Naja'atu. Shekara takwas da suka wuce ta yi bincike a fadamun Aliero. Takan kifa wani akwatin gilashi a kan shuka, ta jona masa na'ura, ta auna iskar da ƙasa da ganye ke shaƙa da wadda suke fitarwa. Shafi'u ya yi mata dakon akwatin nan kwana tara, a na goma ya zauna a kai ya fashe. Daga baya ta tafi ƙasar waje, ta bar iska ta koma nazarin dabbobi masu shayarwa, wato yadda ɗa ke gadon launi da ƙira da ƙarfin jiki daga iyayensa. Ita ta yi gaba abinta. Shi kuwa tun daga kwana taran nan bai sake cewa "ni" ba, sai "mu masu bincike". Ya sayar da katin waya, ya yi kiwon kaji, ya yi dillancin albasa, duk ya watsar, wai suna hana shi tunani. 'Yan majalisarmu suka sa masa suna Furofesa, kuma duk garin shi kaɗai ne bai san da dariya ake faɗa ba.

Sai labari ya zo cewa Dakta za ta dawo ranar Asabar. Za ta leƙa fadamar da ta yi aiki a da, ta wuce wani ƙauye kusa da Mungadi, a ƙasar Maiyama, don fara nazarin jajayen awaki. Tana neman mutum ɗaya ɗan ƙasa da zai riƙa yi mata jagora, da albashi da sabon babur. Shafi'u bai jira an ce an ba shi ba. Ya sa matarsa Bushira ta share zaure ta kwashe kayan da ke ciki don babur ya samu wurin kwana, ita kuma baiwar Allah ta yarda, har ta faɗa wa maƙwabta. Sannan ya taho shagona.

"Rigar masu bincike nika so," in ji shi. "Hwara, har gwiwa, da aljihu ukku."

"Irin ta mahauta?"

"Irin ta likkita, jahili."

"Mi za ka zuba aljihu har ukku?"

"Sakamako."

Ina gwada shi yana zayyana mini shirinsa. "Ita shekaru tay yi tsakanin iska da gado. Ni yini guda zan haɗe su. Da sahe iska Aliero, da rana gado Mungadi. In ta iso da la'asar ta ishe aiki ya ƙare, wa za ta ba babur in ba ni ba?"

"Ka san aikin?"

"Wa ay yi dakon akwatin, ni ko kai?"

Kayan aikin ma abin kallo ne. Akwatin gilashi ya aro shi wurin mai fanken bakin tasha, har da maiƙonsa. Ya samo robar ƙarin ruwa, ya samo abin gwada iskar taya a wurin mai faci. Na ce masa wannan ai na taya ne. Ya dube ni da tausayi ya ce iska dai ai iska ce. Da yake sabon baburin bai iso ba tukuna, tsohon nawa aka hau ranar Asabar da sassafe, ni ina tuƙi, shi yana baya rungume da gilashi.

Da hantsi muka sauka a gonar wani Alhaji Magaji, babban manomin albasa a bayan Aliero. Mai gona ba ya nan, sai ma'aikatansa wajen mutum goma suna ban ruwa, inji yana ta ruri. Shafi'u bai yi wa kowa sallama ba. Ya zaga, ya zaɓi wurin da irin albasa ya fi kyau, ɗanyen iri kore shar wanda ake shirin dasawa, ya kifa gilashin a kai, ya toshe gefensa da laka. Ya cusa roba, ya jona abin mai faci, ya tsuguna ya fito da littafi.

Babban ma'aikatan, wani dattijo mai furfura, ya ajiye fartanya ya matso. "Malam, lahiya? Mi kaka yi ga irin Alhaji?"

"Iska nika kamawa."

Dattijon ya ja da baya taki ɗaya. "Akwai iska gonag ga?"

"Cike take. Nan inda kaka tsaye ma hita takai daga ƙasa, dare da rana."

"Mu ba mu taɓa ganin komi ba."

"Ai ba a ganinta. Mu ɗai muka sanin inda take. Tun da sahe shiga jikinku takai tana hita, ba ku sani ba."

Nan na gane inda aka dosa, don duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san in an ce iska ta shiga jikin mutum ba maganar numfashi ake ba, maganar mutanen ɓoye ce. Na taɓa shi da ƙafa, ya ture ni. Sauran ma'aikatan sun riga sun taru, kowa ya yi tsuru-tsuru.

"Hwara ta ko baƙa?" wani ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Shafi'u ya tuna Dakta ta taɓa cewa iskar nan, da Turawa ke kira kabon, danginsu ɗaya da gawayi. Ya gyara wuyan riga. "Baƙa ta. Baƙa ƙirin, asalinta gawayi."

Ban taɓa ganin mutum goma sun bar gona da sauri haka ba. Ko takalma ba su tsaya ɗauka ba, balle su kashe inji. Ruwa ya cika kwalbati, ya karya kunya, ya bi fangali-fangali yana kwashe dashe. Na ce mu kashe injin nan. Ya ce kada in taɓa komai, zan ɓata masa awo. Muka zauna rana tana dukanmu, allurar abin mai faci ko motsi ba ta yi ba, shi kuwa yana ta rubutu. Na leƙa littafin, na ga sunansa ya rubuta sau shida da Furofesa a gaba.

Kafin azahar sai ga Alhaji Magaji da ma'aikatansa a baya, da wani malamin allo da suka ɗauko, da rabin unguwa. Alhaji ya dubi gonarsa ta zama tafki, ya dubi gilashi. Irin da ke ciki ya kwanta ya yi laushi kamar wanda aka zuba a miya.

"Wa ab ba ka izni?"

"Alhaji, ranka shi daɗe, kimiyya ba ta neman izni. Bari in nuna maka sakamako."

Ya ɗaga gilashin ya cusa kansa ciki. Tururin dafaffiyar albasa da tsohon man fanke ya doke shi a fuska. Idanunsa suka kaɗa suka yi jajur, hawaye ya zubo, ya yi atishawa sau uku a jere, ya yi baya-baya ya zauna daɓas cikin laka.

"Ta hau shi," in ji dattijon nan. "Ku riƙe shi."

Ƙarti huɗu suka danne Furofesa. Yana shure-shure yana ihu, "Ku sake ni, kabon ce, kabon!"

"Kun ji, ta hwaɗi sunanta. Malam, Kabon sunanta," in ji dattijon.

Malamin mutum ne mai natsuwa. Ya tsuguna ya dubi Shafi'u ido cikin ido, ya tambaye shi sunansa da na ubansa da abin da ya kawo shi. Shafi'u ya fara bayani tun daga kwana tara. Malam ya saurara har ya gaji, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Ku sake shi. Babu kowa jikin wanga sai shi kanai. Ni ban da maganin wannan."

Kafin Alhaji ya gama neman sanda na tada babur. Gilashin mai fanke a nan muka bar shi, wani ya riga ya taka. Muna kan hanya ina huci, sai na ji ta bayana ana cewa, "Ka ga yadda sakamako ka girgiza mutane?"

"Gida za mu."

"Rabin aiki ba shi kawo babur. Miƙe Maiyama."

Na san ya kamata in sauke shi a Jega. Amma in faɗi gaskiya, raina ya riga ya so ganin ƙarshen abin, sai na wuce.

Bayan azahar muka isa ƙauyen. Rigar ta yi laka ta baya, amma ta gaba fara ce, don haka ya riƙa fuskantar mutane yana tafiya a kaikaice. Muka iske dattawa a gindin bishiya a ƙofar gidan maigari. Wannan karon ya yi sallama, ya buɗe littafi.

"An turo ni bisa maganar gadon awaki."

Maigari ya yi ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi. Abin da ba mu sani ba shi ne, wata huɗu ke nan da wani mai garke ya rasu a garin, ya bar awaki da yawa, da matarsa Gudiya, da 'ya'ya maza biyu da ba sa ga maciji da juna. An yi zama uku ba a daidaita ba, har an kai magana gaban alƙali, ana jiran a turo wanda zai raba. Ga mutum da farar riga da littafi yana maganar gado. Nan da nan aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo fura da nono, aka kama zakara. Shafi'u ya sha fura ya gyara zama, ya raɗa mini cewa in duba yadda ake karɓar ilimi a inda aka san darajarsa.

Aka koro awakin zuwa fili. Da yake lokacin dawowa kiwo ne, na maƙwabta ma suka biyo, ba wanda ya kula don kowa ya zuba wa baƙo ido. Babban ɗan mamacin, Rufa'i, ya tsaya dama, ƙanensa Aminu ya tsaya hagu.

"Ta yaya za ka hwara, ranka shi daɗe?" in ji maigari.

"Sai na gano wa ag gaji wa."

"Ai an sani. Ga su nan su biyu, ga uwassu."

"Wannan sanin ƙauye na. Mu da gashi muka ganewa."

Ya ciro almakashi daga aljihu, nawa ne ma na shago, ban san lokacin da ya ɗauke ba. Ya bi awaki yana yankar gashin wutsiya yana zubawa a aljihu ɗaya, duk a haɗe. Wata ta tunkuye shi, wata ta cinye masa shafi biyu na littafi. Sannan ya shiga ware su: masu duhun ja ya kora dama, masu hasken ja ya kora hagu. Da yake jar akuyar ƙasarmu yawanci mai duhu ce, sai dama ta cika maƙil, hagu kuwa guda biyar, ɗaya ma gurguwa.

Rufa'i ya washe baki. "Allah shi saka da alheri. Gaskiya ta hito."

"Wace gaskiya?" in ji Aminu. "Uba guda ya haihe mu, shi garke ni biyar? Malam, wane littahi ka duba?"

"Abin cikin jini shike," in ji Shafi'u. "Wani shina gado da yawa, wani kaɗan. Wani ma in an bincika sai a ishe bai gaji komi ba, don asali ba nan shike ba."

Awaki yake nufi, amma ba wanda ya ji haka. Aminu ya yi kukan kura ya shaƙi wuyan rigar, wai a faɗa masa wa aka ce ba ɗan gidan ba ne. Wata maƙwabciya ta hango akuyarta a cikin rabon Rufa'i ta shigo da muciya. Wani ya ce uku daga na hagu ma nasa ne. Fili ya kaure, awaki suna kuka, maigari yana ba da haƙuri ba mai jinsa, Furofesa kuwa ana jan sa gaba da baya yana cewa a bi a hankali da aljihun sakamako.

Cikin wannan hali mota ta tsaya. Dakta Naja'atu ta fito, fuskarta ba annuri. Daga Aliero take, inda aka hana ta ko taka fadama, aka ce ita ce uwar ɗakin masu kama iska. Ta gaida maigari da dattawa har ƙasa, ta saurari abin da ya faru, ta yi musu bayani a taƙaice: ita ba daga kotu take ba, ba ta raba dukiyar kowa, abin da take bi shi ne wace akuya ta haifi wace, da abin da 'ya ta ɗauko daga uwa da uba. Sannan ta juyo.

"Shafi'u, wa at turo ka?"

"Dakta, sauƙaƙa miki nay yi. An gama komi." Ya zura hannu a aljihu ya damƙo gashi ya miƙa mata.

"Wanne na wace?"

"Dut na awaki na."

Ta rufe ido ta buɗe. "To. Tunda ka gama, nuna mani uban waɗanga ƙanana."

Shafi'u ya waiga ya hango wani ƙaton namiji mai sheƙi, ya fi kowa ƙiba. Ya je ya dafa bayansa. "Ga shi. Dubi goshi, dubi kunne. Rabin garken ga ɗiyanai na. Ko makaho ya san wanga ya yi aiki."

Sai wata tsohuwa da ke zaune a kan turmi tun ɗazu ta yi magana. Ita ce Gudiya, matar mamacin. "Ɗan nan, wanga taure na. Ni nas sa anka dandaƙe shi tun shina wata ukku. Bai taɓa haihuwar ko ƙuda ba."

Dariyar da aka yi ta sa har Rufa'i da Aminu suka dafa juna. Gudiya ba ta yi dariya ba. Ta taso ta shiga cikin garken tana taɓa su ɗaya-ɗaya. "Wagga ɗiyar Mai Tozo ta, uwatta ta mutu shekarar da ruwa ya ci gada. Ubanta bunsurun gidan liman na. Wagga jikanyar wadda munka sawo Jega ta, su dut tagwaye sukan haihwa. Wagga ba tamu ba ta, ku mai da ma mai ita." Haka ta bi su kaf, uwa da kaka da kakar kaka, har da wadda zuriyarta ba ta jin ciwon huhu. Dakta ta ciro nata littafin tana rubutu.

"Inna, za ki yi aiki da ni?"

"Ni ban yi boko ba."

"Bokon ni na yi shi. Abin da kika sani shi nika nema. Akwai albashi, akwai babur."

"Babur kuma? Mi zan yi da shi?" Ta dubi 'ya'yanta. "Sai dai su riƙa kai ni, yau wanga gobe wancan. Wanda yat tada hwaɗa, ranar ɗan'uwanai ta."

Shafi'u ya matso yana murmushin da bai kai ciki ba. "Dakta, to ni wane matsayi?"

"Kai gobe da sahe za ka koma Aliero ka ba Alhaji Magaji haƙuri, ka hwaɗa ma ma'aikatanai gaban kowa cewa numfashin ƙasa kaka nuhi. In ba su koma gona ba, ni da kaina zan kai ka gun gwaggo mahaihiyakka." Ta shiga gidan maigari. Zakaran da aka yanka domin Furofesa ita aka kai wa.

Da yamma muka kamo hanyar Jega. Shafi'u ya cire rigar ya naɗe ta a hammata. Da muka kusa shiga unguwa ya taɓa kafaɗata.

"Isiyaku, tsaya." Na tsaya. "Bushira na bakin zaure, na sani. Ita da matan maƙwabta. Tun jiya taka sharar wurin." Ya dubi baburin. "Ba ni in tuƙa, daga nan zuwa ƙohwa kawai. Ko ba sabo ba, ta gan ni bisa wani abu."

Na yi niyyar in yi masa tatas, na tara maganganu tun daga Aliero. Amma na dubi fuskarsa sai tausayi ya kama ni, don a ƙarƙashin duk surutun nan mutum ne da ya kai shekara arba'in bai taɓa kai wa matarsa abin da ya yi alkawari ba. Na sauka na koma baya. Kafin ya tada sai ya warware rigar ya mayar.

Muka shiga layi a hankali. Ga Bushira a bakin zaure da sabon mayafi, ga mata, ga 'yan majalisa a kan benci. Ta dubi baburin, ta gane shi sarai, don sau nawa na kawo mata ɗinki a kansa. Ta sunkuyar da kai. Ɗaya daga 'yan majalisa ya ɗaga murya.

"Furofesa, ina sabon?"

Shafi'u ya kashe babur, ya sauka a natse, ya miƙo mini makulli ba tare da ya dube ni ba. "Na ba wata tsohuwa, ta hi ni bukata. Isiyaku, kai wanga gida ka wanke shi. Gobe da sahe kada ka makara, ana jirana Aliero in yi ma manoma jawabi."